Takardar Masu Surutu

Zuwa ga Malamar Aji Biyar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya fama da yara? Allah ya ba da lada.

Ni ce mahaifiyar yarinyar da kika naɗa monita farkon zangon nan, wadda muke kira Auta a gida. Ba mu taɓa haɗuwa ba. Ni tela ce, lokacin da kuke buɗe makaranta nake buɗe shago, in kun tashi ni ban tashi ba. Na aika ofis a karɓo min lambarki, aka ce ba a ba iyaye. Shi ya sa kika ga takarda.

Ranar Asabar na zazzage jakarta zan wanke. A aljihun ciki, wanda ni da kaina na ɗinka mata, na tarar da fensir bakwai, kilinar goge rubutu uku, abin fiƙe fensir mai siffar kifi, jan ribom, alawar da ta narke ta manne da ledarta, da rula guda wadda aka kankare sunan mai ita da reza. Malama, fensir ɗaya nake saya mata, sai ya koma kamar ɗan yatsa nake sake wani. Na san kayan 'yata.

Na tambaye ta, ta ce kyauta ce. Na ce wa ya ba ki? Ta ce 'yan aji. Na ce duk 'yan ajin ne suka wayi gari suna ƙaunarki? Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin riga. Abin da ya fi ɗaure min kai, ko ɗaya ba ta taɓa amfani da shi ba. Alawar ma ba ta sha ba, yarinyar da in ta hango alawa har rawa take yi.

Ranar da kika ba ta monita da gudu ta faɗo shago, ta tattake min yadin mutane da takalmi don murna. Ni ma na yi murna, har sabon yunifom na yi mata. Yanzu in na ce "ya aikin monita?" sai ta ce lafiya, ta tashi ta bar wurin.

Don Allah ki gaya min: makaranta ce ke ba monitoci waɗannan kaya? Ko akwai yaron da ya yi cigiyar nasa? In ɗauke-ɗauke ta fara, gara in ji daga bakinki tun yanzu, kada in ji a bakin matan layi.

Ita za ta kawo miki wannan. Na ninke takardar na bi bakinta da keken ɗinki, don kada ta buɗe a hanya.

Ki huta lafiya.
Maman Auta


Zuwa ga Mahaifiyar Monita,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na kuma fahimci abin da ta ƙunsa. Ina fatan kina lafiya tare da iyali.

Makaranta ba ta ba monita komai. Na tambayi aji ko akwai wanda ya rasa wani abu, babu wanda ya ɗaga hannu. Saboda haka ba ni da hujjar cewa 'yarki ta ɗauki kayan wani.

Na zaɓe ta ne saboda tsabtarta da kyawun rubutunta, kuma ba ta da rigima. Aikinta sananne ne. Ita ke goge allo, ita ke karɓo alli daga ofis, tana tattara littattafan aikin gida, sannan in na fita tana rubuta sunayen masu surutu ta ba ni in na dawo. Ban taɓa samun ta da gazawa ba. Yara kan ba juna kyauta, musamman wanda suka ga ya samu matsayi, kuma ban ga abin tayar da hankali a nan ba.

Sai dai zan tambaye ki abu guda, ina fatan ba za ki ɗauka da zafi ba. Ke ce kika yi tunanin rubuto min, ko wani ne ya ba ki shawara? Ina tambaya ne saboda mahaifiyar yarinyar da ke monita kafin 'yarki ba ta ji daɗin canjin ba, ta je wurin hedimasta har sau biyu, kuma an gaya min a shagonki take ɗinki. Idan bayani ake tarawa a kaina, na fi so a fito fili.

Wani abu kuma. Kin ce da keke kika rufe takardar. Da ta iso hannuna, gefe biyu ɗinkin keke ne da farin zare, gefe na uku kuwa ɗinkin hannu ne da baƙi. An yi shi a tsanake, amma ba hannun babba ba ne. Ban yi wa yarinyar magana ba. Wannan amsar na ba mai gadin makaranta, ya ce ta ƙofar shagonki yake wucewa.

Na gode. Wassalam.
Malamar Aji Biyar


Malama,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya.

Babu wanda ya aiko ni. Matar da kike magana tana kawo min ɗinki, gaskiya ne, haka ma rabin matan unguwa. Tsakanina da ita awo ne da "yaushe zan zo karɓa". Ni da aka ba 'yata kujerar 'yarta, in ta ga dama ma ta daina gaishe ni. Ban san kina da abin da za a tara a kanki ba sai da kika faɗa.

Maganar zare kuwa, na duba gwangwanin allurai na ga an taɓa. Wato ta farke ta karanta ta mayar. Ni na koya mata wannan ɗinkin, na kuma ga amfanin da ya yi min. Ban nuna mata na sani ba, ina so in ga gudun ruwanta. Daga yau mai gadi zai riƙa kawo miki.

Kin ce ba abin tayar da hankali. To bari in gaya miki abin da ba kya gani. Sati biyu ke nan kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, amma Asabar da Lahadi cikin lafiya lau yake. Muryarta ta dishe kamar mai talla. Ƙawarta ta gidan da ke kallonmu, wadda tun suna aji ɗaya take tsayawa a ƙofa ta kira ta su tafi, yanzu wucewa take kamar ba ta san gidan ba. Na tare ta na ce lafiya? Ta ce, "Ai Auta ta zama manya," ta yi gaba.

Jiya tana tsince min zare na ce, "Wai muryar nan a ina kike kashe ta?" Ta ce wajen cewa a yi shiru. Na ce Malama ba ta nan ne? Ta ce, "In an dawo daga hutun tara takan fita, sai an kusa tashi take dawowa." Na ce kullum? Ta ce kullum.

Kin rubuta "in na fita" kamar mai zagawa ta dawo. Daga tara zuwa tashi ai rabin yini ne. Ina kike zuwa? Ban ce kina da wata sana'a a gefe ba, kodayake na san malamai da yawa da ke da ita, kuma ban ga laifinsu ba. Amma yara sittin da wani abu, wasu sun fi ta tsawo, wasu har gashin baki ya fara yi musu alama, a bar wa 'yar shekara goma da guntun takarda? Ni da nake babba, yaran shago biyu sun ishe ni.

Ba faɗa nake nema ba. Amsa nake so.

Na bar ki lafiya.
Maman Auta


Zuwa ga Mahaifiyar Monita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa.

Ba ni da sana'a a gefe. Malamar aji biyu ta tafi hutun haihuwa tun satin farko, ba a kawo madadinta ba, hedimasta ya haɗa min ajinta. Da safe ina aji biyar, in an dawo tara ina aji biyu, a ɗaya ginin. Ya ce kada a yayata don kada iyaye su taso. Na gaya miki ne don kin tambaya da zargi, ina kuma roƙon ya tsaya tsakaninmu.

Amma maganarki ta tsaya min a rai. Ina ajiye takardun masu surutu a durowar tebur, sai na fito da su na baje. Guda ashirin da uku ne. Sunaye suna canzawa, ban da guda ɗaya da na samu a takarda goma sha tara. Wani yaro ne da yara ke kira Na-Lungu, saboda a kusurwar baya yake zama, jikin kabad. Kullum guda ɗaya nake karɓa in yi hukunci in jefa a durowa, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Ranar Laraba na ba 'yan aji biyu aikin kwafa, na zagayo ta bayan gini na tsaya jikin taga inda ba a ganina. Ajin kamar tasha. Manyan yara uku na bencin baya suna kiɗa da tebur, ɗayansu yana tsaye a kan benci. 'Yarki tana gaban allo tana cewa a yi shiru, babu mai ko kallonta. Na ga wata yarinya ta taso ta ajiye mata fensir a tebur ta koma ta ci gaba da hira. 'Yarki ba ta kalle ta ba, ta dai tura fensirin cikin jaka da sauri. Na-Lungu kuwa ya kifa kai a kan tebur, ko motsi ba ya yi.

Na zagayo na shiga ta ƙofa kamar yadda na saba. Ta miƙo min takarda. Sunansa ne a sama, sai wasu ƙanana biyu. Babu ko ɗaya daga cikin masu kiɗan. Na ce yau na yafe wa kowa, ban ƙara komai ba.

Yanzu kin san daga inda kayan jaka suke. Amma kyauta tana sa a ƙi rubuta mutum ne, ba ta sa a rubuta wanda bai yi komai ba har sau goma sha tara. Na duba rajista na ga mahaifin yaron mai gyaran rediyo ne, kuma mai gadi ya ce shagonsa na jikin naki, ya ce ba kwa ga maciji. Ban ce ke kika sa ta ba. Amma yaro yakan kwaso abin da ya ji a gida ya kawo makaranta. Akwai abin da kike so ki gaya min?

Wassalam.
Malamar Aji Biyar


Malama,

Salamu alaikum. Ya aiki?

Da na karanta takardarki na yi niyyar in rufe shago in zo in same ki, ki maimaita min a gaban idona. Sai na zauna na kasa ko taka keke, saboda akwai gaskiya a ciki.

Eh, ba ma shiri da mai rediyo. Yana gwada lasifika tun safe har kaina ya yi kamar zai tsage, ni kuma ya ce ruwan guga na bi ta ƙofarsa. Shekara biyu ba ma gaisawa. Kuma na sha faɗa a gaban Auta cewa shi da zuri'arsa ba su san shiru ba. Ban ma san yana da ɗa a ajinku ba.

Na bari sai da yaran shago suka tafi cin abinci, na ba ta maɓallai tana jera min. Na ce, "Na san kin buɗe takardata, ba shi zan tambaye ki ba. Wane ne Na-Lungu?" Maɓallan suka zube. Ta durƙusa tana tsinta, na ce bar su.

Ga abin da ta gaya min, ban ƙara ba ban rage ba. Ranar farko ta rubuta manyan nan uku, kika zane su. Da aka tashi suka tare ta a bayan katanga, suka ƙwace jakarta suka jefa a kwata, babbansu ya ce in ta sake rubuta su ita za su jefa. Na tuna ranar. Ta shigo da jaka tana ɗigar ƙazanta, ban tambaye ta komai ba na hau ta da faɗa, na ce sakarci ne.

Washegari ba ta rubuta kowa ba. Ta ce da kika dawo ta miƙa miki, kika juya takardar gaba da baya kika ce, "Tun daga wancan ginin nake jiyo ku, ki kawo min farar takarda? Gobe in kika kawo fara, ke za ki durƙusa a madadinsu."

Na ce to me ya kai ki kan wannan yaron? Ta ce, "Ba shi da wa a makarantar. Kuma in Malama ta tambaye shi ba ya musu." Ƙananan da take ƙarawa kuwa tana juya su ne don kada abin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Kin ji lissafin yaro. Na ce shi fa, bai yi masa yawa ba? Ta koma kan maɓallan tana tsinta. Na ce ko don ni ne? Ta ce, "Ba ke kika sa ni ba. Na dai ga ba kya son babansa, na ce ko kin ji ba za ki ji haushi ba."

Malama, na ɗaga hannu zan mare ta, sai na rasa a kan wanne zan mare ta.

Kayan jaka ta ce ba ta taɓa roƙa ba. Yarinya ɗaya ta fara, sauran suka bi. Tana tsoron ta ƙi karɓa su ce za ta rubuta su, tana tsoron ta yi amfani da su a gane. Rular ma mai ita ce ta kankare sunanta kafin ta ba ta.

Na faɗi nawa. Yanzu ke: kin faɗi wannan magana ko ba ki faɗa ba? Kuma me kike yi wa wanda aka rubuta?

Sannan tun ranar Alhamis nake ganin wani siririn yaro zaune a shagon mai rediyo lokacin makaranta, yana ware ƙananan kusoshi a murfin gwangwani. Da ban san ko waye ba. Yau kwana huɗu. Ke kin lura babu shi?

Sai na ji daga gare ki.
Maman Auta


Maman Auta,

Wa alaikumus salam.

Ban tuna ranar ba, amma maganar irin tawa ce. Na faɗa.

Wanda aka rubuta yakan durƙusa a gaban allo ya ɗaga hannu har a tashi. Wanda sunansa ya maimaitu ina yi masa bulala a tafin hannu. Shi na yi masa sau huɗu. Na ƙarshe na tura shi wanke banɗaki, na ce a gaban aji na gaji da ganin sunansa.

Yaron yana da in'ina. Na sani tun farkon zango, shi ya sa ba na tayar da shi karatu, ina ganin sauƙi nake yi masa. In na ce, "Ka yi surutu ko ba ka yi ba?" sai ya buɗe baki ya tsaya, leɓensa na rawa. Ni kuma ga littattafai sittin ban duba ba, ga ƙararrawa na shirin bugawa. Sai in ce shirunka ya isa amsa, miƙo hannu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda yaron da ba ya iya fitar da kalma ɗaya ya zama sarkin surutu ba.

Na lura ba ya zuwa. Na sa masa alama a rajista, na ɗauka zazzaɓi ne.

Ranar Litinin zan sauke 'yarki ba tare da hayaniya ba, in ce zango ya yi nisa ana juyawa. Manyan nan uku zan kira iyayensu. Shi kuma Na-Lungu ina tunanin in ba shi monitan, ko zai wanke masa zuciya. Zan rubuta wa mahaifinsa.

Akwai abin da nake so in sani, kuma ki yi haƙuri da tambayar. Wasiƙuna suna hannunki, har da wannan. A ciki na faɗi abin da hedimasta ya hana faɗa, na kuma amsa laifi da rubutun hannuna. Ni ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, ƙarshen shekara za a duba. Ina da yara biyu da mahaifiya a wuyana. Me za ki yi da takardun? Idan kin gama da su, ina roƙon ki ba mai gadi ya dawo min da su.

Na gode.
Malama


Malama,

Sallama. Ina gaishe ki, ina gaida Mama da yara.

Takardunki suna ƙasan durowar almakashi. Ban nuna wa kowa ba, mijina ma bai san da su ba. Amma ba zan dawo da su yanzu ba. Ba don in cuce ki ba. Ban san ki ba, Malama, ko fuskarki ban taɓa gani ba. Nawa ma ai suna hannunki, a ciki na ce na zagi zuri'ar mutum a gaban 'yata. Kowa ya riƙe na wani har mu ga yadda za ta kaya.

Jiya da la'asar na kama hannun Auta muka shiga shagon mai rediyo. Taku biyar ne, amma ban taɓa jin nisan hanya irin wannan ba. Yana ganina ya ce, "In maganar lasifika ce, yau ko kunnawa ban yi ba." Na ce ba ita ba ce, yarinya ce ke da magana.

Na ɗauka za ta noƙe. Ta faɗa duka, tana kuka tana faɗa, har da adadin. Yaron yana zaune a kan wata tsohuwar talabijin, bai ɗago ba, yana ta ware kusoshinsa.

Uban ya saurara har ta gama. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ranar da ya fara zuwa da tafi a kumbure, na tambaye shi, ya ce wai surutu. Na ce kai da ba ka iya gaishe ni ba tare da ka sha wuya ba, ashe a makaranta baki gare ka? Na ƙara masa." Ya ce ranar Alhamis yaron ya sa yunifom ya biyo shi shago, ya yi ya yi da shi ya ƙi tafiya, bai kuma faɗi dalili ba. Sai ya dube ni ya ce, "Ke kika sa ta?" Na ce a'a, amma bakina ya taimaka. Ya ce, "To." Ban san ko ya yarda ba.

Auta ta matsa kusa da yaron ta ce ya yi haƙuri. Ya kalle ta sau ɗaya, ya mayar da kai. Ban matsa masa ba, ita ma na hana ta.

Kada ki rubuta wa uban wasiƙa ki tsaya nan. Ki zo da ƙafarki. Shagon ba ya ɓata, in kin ji inda ake gwada lasifika kin iso.

Maganar saukewa kuma, kada ki ce ana juyawa ne. Yaran nan ba wawaye ba ne, duk sun ga abin da ake yi, sun kuma ga an yi shiru. Ni da ita mun yi magana. Ranar Litinin za ta zo da kayan nan a leda, ta mayar wa kowa nasa a gaban aji, ta faɗi cewa Na-Lungu bai taɓa yin surutu ba. Ta ce tana tsoro, na ce na sani, ni ma zan rufe shago in zo in tsaya a bakin taga. In ta gama nata, ke ma ki faɗi naki, kada ki bar ta ita kaɗai a tsaye. Bayan nan ki sauke ta ko ki bar ta da goge allo, wannan naki ne. Amma takardar sunaye kada ki sake ba ɗan kowa ita, ajin babu babba. Ki gaya wa hedimasta ya nemo malami, in yana tsoron iyaye su taso, ki ce masa guda ɗaya ta riga ta taso.

Sai Litinin in Allah ya kai mu.
Maman Auta


Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Ni ne mai gyaran rediyo. Rubutu ba sana'ata ba ce, ki yi haƙuri da shi.

Na gode da zuwan da kika yi. Na kuma ji abin da aka yi a aji ranar Litinin, tela ta gaya min, mai gadi ma ya faɗa, bakinsu ya zo ɗaya.

Monitan da kika ce za ki ba shi, ba ma so. Ban sani ba ko don Allah ne ko don in yi shiru. Ko ma don mene ne, wadda aka ba ta ga abin da ta gani.

Bayan tafiyarki na tambaye shi ko zai koma. Na kashe komai na shago na zauna, ban taya shi ba, ban ce yi sauri ba. Ni ma ban saba ba. Ya ɗauki lokaci, amma ya fitar da maganar. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ce in tambaye ki: in ya dawo, wata rana aka ce ya yi wani abu, za ki tsaya har ya gama magana?

Ban amsa masa ba, don ba ni aka tambaya ba. Yunifom ɗinsa a wanke yake a goge. Ki zo ki gaya masa da bakinki.

Na bar ki lafiya.
Baban yaron